Izinin Gwaggo Ya Iso Ranar Sadakar Uku

Wanda Ya ba mu Gwaggo Shi Ya karɓe ta, ranar Litinin da hantsi, a ɗakinta na Unguwar Dosa, tabarau na kan hancinta. Ban ja da wannan ba, kuma ba zan ja ba. Da mutane nake da magana, shi ya sa na zauna rubuta wannan ta'aziyya tun zuciyata ba ta huce ba, don na san halina, in ta huce zan fara nema wa wasu uzuri.

Kafin azahar layinmu ya cika har mota ba ta iya wucewa. Tsofaffin nas-nas da suka yi aiki a ƙarƙashinta suka haɗu gefe guda, kowacce da nata tabon. Wata ta ce Gwaggo ta taɓa mayar da ita gida saboda ta bar farce. Wata ta ce ita sau uku aka sa ta sake rubuta rahoton ɗakin haihuwa don ba ta sa lokaci ba. Suna faɗi suna share hawaye suna dariya. Abokan aikinta maza suna ƙarƙashin rumfa a waje, abin da ake ta jiyowa daga bakinsu shi ne, “Hajiya ba ta da sauƙi, amma Allah Ya jiƙanta.” A cikin ma'aikatan gwamnati na girma, na san fassarar wannan magana. Duk wanda ya faɗe ta, ya taɓa kai mata wata takarda ta ƙi sa hannu.

Matan Katabu kuwa, inda take zuwa awon jini, mota biyu suka ciko. An ba su kujeru suka ƙi, suka zube a ƙasa bakin ƙofar ɗakinta. Ba su yi kururuwa ba. Can wata tsohuwa ta ce, kamar da kanta take magana, “To yanzu wa zai riƙa auna mu?” Wata baƙuwa ta harare ta wai ana ta mutuwa ita tana ta awo. Ni ban ga laifinta ba, a duk gaisuwar da aka yi mana ranar nan tata ce ta fi shiga jikina.

Baba, mahaifina, ƙanin Gwaggo ne, shi ya ba ni labarin abin da ya faru a maƙabarta. Bayan an rufe ta, wani dattijo da ya yi babban sakatare kafin ya yi ritaya ya tsaya yana karkaɗe hannu ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Yau mun binne matar da ta shekara uku tana jiran sa hannun mutum ɗaya.” Manyan da ke kan kujera yanzu suna wurin, suka shiga tambayar juna wane mutum ne. Mutumin ma yana wurin. Zan kira shi Darakta, ofishinsa kuma ba zan kama sunansa ba. Da aka dawo ya shigo gaida mata, ya fi kowa kuka, yana cewa, “Mama ta tafi ta bar mu.” Na tsaya ina kallonsa har sai da ya kawar da kai.

Gwaggo ce ta riƙe ni tun ina 'yar shekara bakwai. Ɗanta ɗaya ne, Yaya, likita ne yana aiki a ƙasar Larabawa. Ita nas ce, ta kai babbar nas, daga baya aka mayar da ita ofis ta shugabanci sashen da ke duba asibitoci masu zaman kansu. A nan ta yi suna, sunan da ba kowa ke faɗinsa da daɗin rai ba. Maganarta ɗaya ce, a ofis da a gida: “Ina takarda?” In na ce malam ya ce babu makaranta gobe, ina takarda? In mai gyaran famfo ya ce ya canza bututu, ina tsohon? Jakarta ta hannu ta fi ta ɗalibi nauyi, kwafin komai na ciki, har katin rigakafina na jarirai na tarar a ciki da muke kwashe kayanta. Da na sami aiki a rajista, inda ake karɓar wasiƙu da ajiye fayil, ta yi murna kamar an ba ni kujerar Makka. Ta ce, “Ɗiyata, kin shiga ɗakin da gaskiyar gwamnati take kwana.” Daga ranar in tana son tsokanata sai ta kira ni 'yar rajista.

Da ta yi ritaya mun ɗauka za ta zauna ta ja carbi. Ina! Wata tsohuwar mai yi mata aiki ta koma Katabu, Gwaggo ta je duba ta, ta tarar da mata birjik da hawan jini da ciwon suga, kowacce da katin asibiti a ƙulle cikin leda, rabonta da ganin likita an fi wata shida. Ba ƙin zuwa suke yi ba. Mace ta bar sana'arta, ta hau mota zuwa Kawo, ta sake hawa wata, ta wuni a layi, don likita ya dube ta na ɗan lokaci ya ce ta ci gaba da maganin da take sha. Daga nan Gwaggo ta mayar da Alhamis ranar Katabu. Ta ɗauki abin awon jini da littafinta, ta zauna a zauren wani gida ta auna su ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu faɗa kan gishiri da magi. Amma iyakarta awo da shawara. Nas ce, ba ta canza wa mutum magani, ta kuma san iyakarta fiye da kowa.

Yaya ne ya kawo dabarar. Ya ce a sami ɗaki a Katabu, a sa nas, a sa na'ura mai allo, mace ta zauna nas ta auna ta, likita ya gan ta ta bidiyo ya yi mata tambayoyi ya rubuta magani. Shi zai ba da lokacinsa, abokansa likitoci biyu a nan Kaduna ma sun yarda. Kafin wata biyu an sami ɗaki, an sa labule da sola, an sami wata nas 'yar unguwar, na'urar ta iso a kwalinta. Matan Katabu har sun raɗa wa wurin asibitin waya. Sai Gwaggo ta sa kwalin a kabad ta kulle ta ce saura izini.

Ni aka rubuta sakatariyar shirin, don haka ni ce mai rakiya, duk abin da zan faɗa a idona aka yi. Fom ɗin farko da aka ba mu ya tambayi yawan gadaje, Gwaggo ta rubuta babu. Ɗakin tiyata, babu. Ɗakin kwanciyar maza da na mata, babu. Aka turo masu dubawa biyu suka auna ɗakin da tef, suka leƙa bayan labule, suka rubuta cewa wurin bai cika sharuɗɗan asibiti ba.

“Ai ban ce asibiti na buɗe ba,” in ji Gwaggo.

“To Hajiya, fom ɗin asibiti kika cike.”

“Akwai wani fom ɗin ne?”

“Babu.”

Suka yi ta kallon juna. Su ma yaran kunya ta kama su, don sun san wadda suke magana da ita. Gwaggo ta ce ba komai, in babu tsari sai a rubuta shi, kowace doka ai wani ne ya fara zama ya rubuta ta. Fayil ya haura sama, ya sauka a kan teburin Darakta.

Zan yi adalci a nan, ko da ba na so. Tambayoyin da suka fito daga teburin nan tambayoyi ne na gaske, Gwaggo da kanta ta faɗa. Likitan da ke zaune a wata ƙasa, da wane lasisi zai duba mara lafiya a Katabu? Yaya ya sabunta lasisinsa na gida, aka kai kwafi. Maganin da aka rubuta ta waya, wa zai tabbatar likita ne ya rubuta, kuma wa zai bayar? Gwaggo ta tsara cewa a buga takardar a wurin, nas ta sa hatimi, a kai kemis mai rajista, kuma ba a rubuta magungunan barci da masu sa maye ta wannan hanya ko kusa. Sirrin mara lafiya fa? Nan ta fi zafi da kanta. Ta ce ba za a ɗauki hoton jikin mace a wayar kowa ba, ba a naɗar hira, bayanai na kulle, mutum biyu kaɗai ke da ikon buɗewa. Takardar amincewa ta rubuta ta da boko da ajami, wadda ba ta karatu a karanta mata ta dangwala yatsa. In sabis ya yanke ana tsakiyar magana, ba a rubuta magani a kan rabin bayani. In abin gaggawa ne, a bar allo a nemi mota. In aka yi kuskure wa za a kama? Ta rubuta sunanta da lambar lasisinta.

Abin da ban yafe ba shi ne yadda aka yi tambayoyin. Duka za su shiga shafi ɗaya, a wuni ɗaya. Darakta ɗaya-ɗaya yake sakinsu. Mu kai amsa, a yi wata uku, wata tambayar ta fito. In tambayoyi suka ƙare sai a tura fayil sashen shari'a, in ya dawo a ce a jira kwamiti, kwamitin kuma ba a naɗa shi ba. Bai taɓa cewa a'a ba, da ya ce a'a da mun san inda za mu kai kuka. Kullum da fara'a yake tarbarmu, ya miƙe tsaye, ya sa a kawo shayi, “Mama, ai kamar an gama ne.” Ni aikina ke nan, na san fayil ɗin da ke tafiya, na san wanda aka zauna a kai.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da Gwaggo ke shugabancin sashen, shi yana ƙaramin ma'aikaci, ta tura shi ya duba wani sabon asibiti a Doka. Ya kawo rahoto mai kyau, ya ƙirga gadaje har da banɗakuna. Gwaggo ta bi sawu da kanta, ta tarar ginin ko rufi ba a yi masa ba. Ta ba shi takardar tuhuma, ƙarin girma ya wuce shi a wannan zagayen. Ya zo har gidanmu ya durƙusa, ina tsaye da tire a hannu, ta ce masa, “Ɗan nan, na yafe maka, amma takarda ta riga ta shiga fayil.” A wurinta magana ta ƙare a nan. Ta je bikinsa, ta je sunan 'ya'yansa, ta kai turmin atamfa. Shi ashe ya adana abin yana jiran rana.

Abin haushin, waya ɗaya Gwaggo za ta buga a gama. A cikin waɗanda ke sama da Darakta akwai wanda ta karɓi haihuwar 'ya'yansa, akwai wadda ta koya wa ɗaura allura. Baba ya roƙe ta, na roƙe ta. Sai ta ce, “Ba a tsallake tebur. Fayil na gabansa, shi zai sa hannu. In na bi ta sama yau, gobe wata mai asibitin ƙarya ma ta sama za ta bi.” Wannan ita ce wautar mutanen zamaninta, waɗanda suka shiga aiki lokacin da takarda ke da daraja. Sun yarda in ka bi layi daidai, dole a zo kanka.

Rigimarmu mafi girma a kan Iya ce. Iya wata dattijuwa ce mai sayar da daddawa a Katabu, mai yawan barkwanci, ita ke kiran Gwaggo “Hajiya Gishiri”. Wata Alhamis Gwaggo ta auna ta ta ga jinin ya hau sosai duk da tana shan magani. Ta rubuta mata takarda ta ce ta je asibiti a ranar. Iya ta ce sai ɗanta ya sami sarari ya kai ta a mashin. Ranar Asabar ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. A ranar Alhamis ɗin nan na'urar na kulle a kabad, taku kaɗan daga inda aka auna ta, Yaya kuma yana hutu a ɗakinsa da waya a hannu.

Da ya ji labari ya kira mu ta bidiyo, ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba sai ranar.

“Mama, kowa fa yana yi. Likitoci nawa ke duba mutane ta waya a garin nan, wa ya tambaye su izini? Ki buɗe kabad ɗin nan, in takarda ta zo ta same mu muna aiki.”

“Shekara nawa na yi ina rufe wa mutane wuri don ba su da takarda?” ta ce. “Wasu sun yi kuka a gabana, wasu sun tsine mini. Yanzu in buɗe nawa haka? Ranar da aka yi kuskure a kan 'yar mutane, wa zai tsaya mata?”

Ni kuma bakina ya kufce. Na ce, “Gwaggo, takardarki ta fi miki Iya.”

Ta cire tabarau ta dube ni. Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. A na biyar na dawo daga aiki na tarar da kwanon faten tsaki a bakin ƙofata, da yakuwa da yawa yadda nake so, iyakar sulhun ke nan. Amma daga lokacin kowace Alhamis in ta gama awo sai ta wuce gidan Iya, ta ɗaure zani, ta yi mata wanka, ta murza mata hannun da man zafi, ta koya wa 'yarta yadda ake juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Tana yi tana tsokanarta, “Tashi ki ba ni daddawata, 'yar ƙwauro.” Har yau ina nadamar maganar da na faɗa mata, har yau kuma wani sashe na zuciyata na cewa ban yi ƙarya ba.

Fitarta ta ƙarshe ofishin Darakta ce, ranar Laraba, kwana biyar kafin rasuwarta. Ƙafafunta sun kumbura, da ƙyar muka hau bene. Muka zauna a benci wajen awa biyu muna jiyo dariyarsa daga ciki. Da ya fito sai ya dafe kai, “Mama! Me ya sa ba a gaya mini ke ce ba?” Ya ce fayil ya sake komawa sashen shari'a, akwai wata 'yar kalma da suke son gyarawa. Da muke saukowa numfashinta ya ɗauke, ta zauna a kan matakala, masu wucewa na raɓawa ta gefenta. Ta daɗe tana kallon jakarta, sannan ta ce, “Ɗiyata, anya ban yi wauta ba?” Ban taɓa jin ta tambayi kanta a gaban wani ba. Na ce mata a'a, na kama ta muka sauka.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a mutane sun fara raguwa, aka ce Darakta na son ganin iyali. Muka shiga falo, ni da Baba da Yaya, wanda ya iso washegarin jana'iza. Darakta ya zauna a ƙasa, ya ƙi kujera. Ya fito da ambulan, ya kuma fito da wani dogon littafi mai baƙin bango. Littafin masinja ne, wanda duk mai karɓar wasiƙar gwamnati ke sa hannu a ciki ya rubuta ranar da ya karɓa. Shekarata goma sha biyar a rajista, ban taɓa ganin darakta ɗauke da littafin masinja ba.

“Alhaji, izinin Mama ne,” ya ce wa Baba. “Wallahi an gama shi tun tana raye, yaran ofis ne suka yi sakaci ba su kawo ba.”

Baba ya yi kabbara, Yaya ya rufe fuska da hannu. Aka miƙo mini wasiƙar. Na duba kwanan watan da ke samanta, na sake dubawa. Larabar nan ce, wadda muka yi awa biyu a benci. Na buɗe littafin, na ga an matsa an cusa layi ɗaya a can ƙasan shafin wannan ranar, da biron da ya bambanta da na sauran, an bar mini gurbin sa hannu.

“Ƙanwata, ke ce sakatariya, ke za ki karɓa,” ya ce. “Sai dai ki sa kwanan watan da ke jikin wasiƙar. Kin san aiki. In izini ya shiga hannu mai shi na raye, wasiƙa ɗaya za a rubuta a mayar da shi sunan nas ɗinku, mako mai zuwa ku fara. In kuwa bayan rasuwa aka karɓa, ya mutu tare da ita, sai a faro daga fom.”

Ba ƙarya ya yi ba a wannan, haka ƙa'idar take. Abin da bai faɗa ba, na san shi. Tun maganar maƙabarta an nemi fayil ɗin daga sama, yana buƙatar shaidar cewa ya sa hannu tun tana da rai, kuma hannuna ne shaidar.

“Ki sa hannu, 'yar nan,” in ji Baba. “Mutum ya tako har gida. A rufa wa juna asiri, Allah Ya rufa mana.”

Yaya ya matso ya rage murya. “Na san abin da kike gani, ni ma na gani. Amma abin da Mama ta mutu tana nema ke nan. Ki tuna matan nan.”

Na tuna su. Wallahi na tuna su, ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta tambayi wa zai auna su. Biro na hannuna, na san layi ɗaya zai buɗe kabad ɗin nan. Amma duk sanda na sunkuya sai in ga Gwaggo zaune a kan matakala, mutumin nan kuma na sama yana shan shayi. Wai in rubuta da hannuna cewa a wannan ranar ya ba ta abin da ta zo nema. Ya fita fes, ya yi ritaya da yabo, wataƙila ma a kira shi ya yanke ƙyalle ranar buɗewa ya yi mana wani kukan.

Na sa hannu. Na rubuta kwanan watan ranar da muke ciki, na sa lokaci, a gefe kuma na ƙara da manyan baƙaƙe: an karɓa bayan rasuwar mai neman izini, a wurin sadakar ukunta. Shafukan littafin masinja lamba gare su, ba a yage su.

Ya karanta, ya ɗago. Kukan ya tsaya cak.

“Kin san abin da kika yi? Kin kashe izinin nan.”

“Ranka ya daɗe, ni na kashe shi?”

Ya miƙe tsaye. Ya naɗe littafinsa ya fita, ko sallama bai yi wa Baba ba. Baba ya ce ban kyauta ba, ya shige ɗaki. Yaya ya koma bakin aikinsa bayan kwana biyu, a bakin wani na ji ya tafi.

Na so in ce don gaskiyar Gwaggo na yi, ita ma ba za ta taɓa sa kwanan watan ƙarya ba. Haka nake gaya wa masu tambaya. Amma a nan ba zan yi wa kaina ado ba. Ita da za ta ƙi, don tsoron Allah za ta ƙi. Ni rabin abin da ya riƙe hannuna son ganin bayan mutumin nan ne. Da labari ya zo cewa an ba shi takardar tuhuma, an kuma ɗauke shi daga teburin, sai da na yi sujada, na ci abinci na ƙoshi a karon farko tun rasuwar.

Alhamis ta zagayo na shirya na tafi Katabu, don bai kamata matan su ji a bakin wani ba. Na tara su a zauren da take auna su, na faɗa musu komai, ban rage ba. Na ce mun sake cike fom da sunan nas, an ce sabon da aka kawo teburin mutumin kirki ne, amma ban san watan da za a gama ba. 'Yar Iya, wadda ta baro uwarta kwance ta zo, ta ce, “Anti, yanzu sa hannu ne kawai ya rage, kika ƙi?”

Na ce eh.

“In aka dawo miki da littafin yau, za ki gyara?”

Na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. Na ce a'a.

Ta gyara mayafinta ta miƙe. “Da shi kaɗai ke riƙe da mu,” ta ce. “Yanzu ku biyu ne.”

Allah Ka jiƙan Gwaggo, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka saka mata da kowace Alhamis da ta yi, kada Ka tambaye ta jinkirin da ba nata ba. Maganar 'yar Iya na ɗauke ta, nawa kason ke nan, da shi zan je gaban Allah. Darakta kuwa ban yafe masa ba, kuma kada wanda ya sake takowa gidanmu don ya roƙa masa.